Bencin da Na Yanke wa Ƙafa

Litinin, 6 ga Mayu

An koma makaranta, ni ma na koma. Ba aji ba, rumfar kwanon da ke bayan aji shida, inda ake jibge min duk abin da yara suka karya. Benci goma sha ɗaya, tebur huɗu, ƙofar banɗaki ɗaya. Hutu aka yi fa, babu kowa a makarantar. Ban san wa ya zauna a kansu ba.

Littafin nan na awo ne, rabinsa inci da taku. Tunda shafuka sun rage, bari in riƙa zuba abin da ba ni da wanda zan faɗa wa. Rubutun ɗan aji huɗu ne, amma ba mai bi da jan biro.

Auta ya kama aiki a nan yau. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, malamin aji biyar. Tun daga bakin get na gane shi, ba da fuska ba, da tafiya. Har yanzu yana jefa ƙafar hagu waje kamar agwagwa. Ya zo wucewa tare da Shugabar makaranta, ya ce, "Sannu da aiki, kafinta." Na ce, "Yawwa, Malam."

A gida ni ne Yaya. To.

Laraba, 8 ga Mayu

Taron safe. Shugaba ta ce sabon malami ya yi wa yara jawabi. Ina ɗauke da katako zan wuce ta bayan layi, sai na tsaya, ai ƙanena ne ke magana. Ya iya, ba zan rage masa ba. Ya ce makaranta ba karatu da rubutu kaɗai take koyarwa ba. Tana sa yaro ya san kansa, ya tsaya gaban mutane ƙafarsa ba ta rawa, ya tambaya in bai gane ba. Sai ya rufe da cewa, "Wanda ya yi wasa da makaranta, wata rana shi zai riƙa ɗaukar wa abokansa kaya."

Bai nuna ni ba. Ban ma tabbata ya gan ni ba. Amma katako shida ne a kafaɗata.

Mai gadi ya matso, tsohon nan bakinsa ba ya rufuwa: "Dogo, sauke kayan mana, har a gama huɗubar." Na yi dariya. Me zan yi.

Allon da ke saman get ni na yanka, ni na goge, ni na hau na buga. MUNA GINA YARO YA ZAMA MUTUM. Ni an fara ginina, aka tsaya a wajen taga. Shekara huɗu na yi, sai aka karanta wa Baba takardar sakamakona: ba ya ganewa, kwafar na wasu yake yi. Allah ya ji ƙan Baba, bai dake ni ba. Cewa ya yi, "Hannu Allah ya ba ka, ba ƙwaƙwalwar boko ba." Washegari ya miƙa min zarto. Ina da shekara goma sha ɗaya. Yanzu ashirin da takwas.

Talata, 14 ga Mayu

Bencin ƙarshe na aji biyar yana girgiɗi, aka ce in gyara shi a inda yake. Irin mai haɗe da tebur ne, fito da shi aiki ne. Na tsuguna a bayan aji da guduma ina jira Auta ya gama rubutu a allo.

A nan ma, kamar lokacinmu, tsayi ke raba wurin zama. Gajeru gaba, dogaye baya. A kan bencin akwai wata yarinya da ta fi kowa tsawo, yara na ce mata Tsani. A ranƙwafe take zama, kamar mai ba da haƙuri a kan tsayinta. Na lura da yadda take yi. Za ta ɗaga kai, ta matse ido, ta sauke, sannan ta karkata ta leƙa littafin ta kusa da ita. Ta kusa da itan ta kife hannu a kai: "Malam, Tsani ta fara!" Aji ya kwashe da dariya. Auta ya ce, "Ke kullum sai an yi miki aikinki? Fito ki durƙusa."

Ta fita ba musu, da littafinta a hannu. Kuma a durƙushen, a gindin allo, ta kwashe duk abin da aka rubuta, tsaf, da sauri, har tana riga wasu. Ba wanda ya kula.

Na buga ƙusa a karkace. Na manta rabon da in yi haka.

Alhamis, 16 ga Mayu

Bayan an tashi na koma ajin, wai zan duba gam ko ya kama. Ba a goge allo ba. Na zauna a wurin yarinyar, gwiwata na dukan tebur. Na ɗaga kai.

Fari-fari kawai. Kamar an watsa gari a baƙin zane.

Ban ji komai ba da farko, don ni haka na san allo. Haka yake tun ina aji ɗaya. Sai ga mai gadi ya shigo rufe tagogi. Na ce, "Baba, daga nan kana ganin abin da ke allon can?" Ya tsaya a bayana, mutumin da ya ba saba'in baya ko ya kusa. Ya ce, "Karatun ban iya ba, amma ga bakwai can, ga takwas, ga wani mai ciki biyu kamar ya ƙoshi. Me ya faru?"

Na tashi na riƙa matsawa gaba, benci bayan benci. Sai da na zo na biyu daga gaba sannan lambobin suka tsaya da ƙafarsu.

Ni fa duk zatona haka duniya take ga kowa. Abin kusa a fili, abin nesa dishi-dishi. Ina zaton kowa da tafiya yake gane mutane, da yadda suke riƙe kafaɗa. A katako ina ganin tsagar da ba ta kai gashi ba, wa zai ce min idona na da laifi?

Shekara huɗu a bencin ƙarshe. Bulalar kwafa nawa na sha? Ni ma da kaina na yarda daƙiƙi ne ni. Wannan ne ya fi ci min rai, na yarda.

Mai gadi ya ce, "Dogo, in rufe da kai ne?"

Juma'a, 17 ga Mayu

Ban je aiki ba. Na ce wa Inna ciwon kai.

Asabar, 18 ga Mayu

Inna na wanke-wanke a tsakar gida, na zauna kusa da ita na faɗa mata. Ban tsara maganar ba, haka ta zubo.

Ta ce, "Ai kai tun kana rarrafe komai sai ka kai shi hanci. Babanku cewa yake bin diddigi ne ya yi maka yawa. Maƙwabta kuma su ce girman kai, a ɗaga maka hannu daga nesa ka wuce." Ta yi 'yar dariya, sai dariyar ta tsaya. Ta ci gaba da cuɗa faranti ɗaya, wanda ta riga ta wanke. Can ta ce, "Da mun sani."

Da ban faɗa mata ba. Me ta yi? Ita ko ƙofar aji ba ta taɓa shiga ba.

Auta kuwa tun yana ƙarami ɗan dunƙule ne, kullum bencin farko, allo a bakin hancinsa. Allah ya rage masa tsawo ya ƙara masa hanya. Ba na ce bai da ƙoƙari ba. Yana da shi. Amma ni ma wa ya sani.

Laraba, 22 ga Mayu

Na jira Auta ya ci abinci, ya cire takalmi, sannan na ce masa yarinyar nan ba kwafa take yi ba, allo ne ba ta gani. Ban ce masa komai a kaina ba. Bakina ya ƙi.

"Yaya, yanzu kuma likitan ido ka koma?"

Na ce ya tuna ranar da ya durƙusar da ita, ya duba littafinta na wannan rana.

"Yara hamsin da uku gare ni. In na bi ta kowa ɗaya-ɗaya yaushe zan koyar?" Ya ja tarin littattafan da yake dubawa gabansa, wato an gama magana.

Amma da na fita na waiwaya ta labule, na ga yana tona tarin yana neman wani.

Litinin, 27 ga Mayu

Auta ya gwada, in faɗi gaskiya. Ranar Alhamis ya mayar da ita bencin farko. Kafin a tashi aji ya rikice: Malam ba ma gani, Malam Tsani ta tare mana, Malam a kwantar da ita. Ya kai ta gefen bango, daga can hasken taga na dukan allo, ba ta ganin rabinsa. Yau da safe wata uwa ta zo har ofis, wai an dasa wa ɗanta bishiya a gaba. Shugaba ta shiga ajin da kanta ta ce tsari tsari ne, dogaye baya, ba a kanta za a fara canza shi ba.

Tsani ta kwashi jakarta ta koma. Ta taga nake kallo. Ko fuska ba ta ɓata ba, kuma na san wannan rashin ɓata fuskar. Ana cewa haƙuri ne. Ni ma haka ake ce min, Dogo mai haƙuri.

Alhamis, 30 ga Mayu

Mahaifinta ya zo. Tela ne, tef a wuya, zare maƙale a hula. Ya tsaya a rumfata yana jiran Auta ya fito, muka taɓa hira. Mutumin kirki, wannan ne abin haushin. Ba mugu ba ne.

Ya ce sau biyu tana maimaita aji. In ta faɗi jarrabawar ƙarshen shekarar nan zai cire ta, ta zauna a shago. "Ka ga yarinyar nan? Allurar da ni sai na yi ta lalube, ita sau ɗaya take zura mata zare. Hannu gare ta. Bokon ne ba nata ba."

Kamar Baba ne ya tashi ya sa tef a wuya.

Na ce masa ya kai ta a duba idonta. Ya dube ni kamar na zagi kakarsa: "Ido? Mai zura zare a allura?"

Saura sati shida jarrabawa.

Asabar, 1 ga Yuni

Na yi abin da na yi.

In doguwa ba za ta zauna gaba ba don tana tare wa mutane, to a sauke mata wurin zama. Lissafin bai wuce haka ba. Tsofaffin bencinan da ke rumfata duk gara ta ci ƙafafunsu, in na taɓa su za su watse. Sai na buɗe sito na ɗauko ɗaya daga cikin sababbin da kwamitin iyaye ya kawo, masu lamba da farin fenti. Lamba goma sha tara.

Na rage wa ƙafafu inci shida. Amma in ka sauke wa dogo wurin zama kawai, gwiwarsa za ta kai haɓa. Don haka na cire sandar da ake ɗora ƙafa, na ja mazaunin baya da inci huɗu, ta samu inda za ta miƙe ƙafa ta ƙarƙashi. Na ɗan kwantar da saman tebur. Na bi da samfefa har ba inda zai kama riga. Na zauna na gwada da jikina, tunda tsawonmu bai yi nisa da juna ba.

Ya yi. Wallahi ya yi. Rabon da in ji daɗin aiki haka tun Baba na da rai.

Ban tambayi kowa ba. Da na tambaya cewa za a yi a rubuto takarda.

Talata, 4 ga Yuni

Jiya da sassafe na shigar da shi aji, na ajiye a gaba, tsakiya. Auta ya shigo ya gani, ya dube ni, ya dubi bencin. Ya kira Tsani ya nuna mata.

Yara suka yi ta ihu, wai Tsani ta karye. Amma na bayanta yana ganin allo ta saman kanta, ba wanda ya samu abin cewa.

Yau ina wucewa da bokitin fenti na ji an yi tambaya, sai na ga hannu a sama. Dogon hannu, ba ka ɓata shi. Amsar ma ba daidai ba ce, na ji Auta ya ce a sake. Ta sake ɗagawa.

Na tsaya har fenti ya ɗiga min a ƙafa.

Alhamis, 6 ga Yuni

Ofis.

Shugaban kwamitin iyaye ya zo zagayen duba bencinansu, ya tarar da goma sha tara ya zama wada. Aka kira ni, aka kira Auta. Ban zauna ba, ba a ce in zauna ba.

Shugaba ta ce, "Wa ya ba ka izinin yanka kayan makaranta?" Na ce ba kowa. Na fara bayanin yarinyar, ta ɗaga hannu. "Kai aka ɗauka ka koyar, ko ka buga ƙusa? Gobe wani zai ce ɗansa na son mai hannu, jibi mai katifa." Shugaban kwamiti ya ce abin da ya fi ba shi tsoro shi ne mutum ya riƙe makullin sito yana yin abin da ya ga dama.

Sai Shugaba ta juya wurin Auta: "Malam, kai ka sa shi?"

Auta na kallon kalandar bango. Wata ɗaya ke nan da ɗaukarsa, ba a ma tabbatar da shi ba, na sani. Ya ce, "A'a, ban sa shi ba."

Gaskiya ya faɗa. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan gaskiyar ba, shi ke nan.

Aka ce aikina ya ƙare, na ajiye makulli a kan tebur. Shekara bakwai ina gyara abin da 'ya'yan mutane suka karya. Na kwashe zarto da guduma da gwangwanin ƙusa, duk suka shige buhu ɗaya. Na wuce ta ƙarƙashin allon nan na get. Kusurwa ɗaya ta fara ɗagowa, na gani, na bar ta.

Juma'a, 7 ga Yuni

Mun ci abinci a faranti ɗaya, kamar kullum. Ba wanda ya ɗaga kai.

Talata, 11 ga Yuni

Na kafa teburin aiki a ƙofar gida. Kujerar tsugunne biyu, marfin tukunya da ya ɓalle, wata mata ta kawo akwatin kakarta. Ana lallaɓawa.

Mai gadi ya biyo da rana, wai hanya ce ta kawo shi, alhali gidansa na ɗaya ɓangaren. Ya ce an mayar da bencin sito ranar Alhamis ɗin. Juma'a da safe Auta ya je ya karɓi makulli, ya ɗauko shi a ka, shi kaɗai, da rigarsa mai guga, ya ratsa tsakiyar taron safe. "Ka ga ɗan guntun nan a ƙarƙashin benci? Kamar kunkuru ya saci ƙofa." Shugaba ta kira shi, ya ce mata tunda an riga an yanke ba zai sake tsiro ba, gara a more shi. Ta ƙyale.

Bencin ya koma aiki. Mai bencin ne bai koma ba.

Ban nuna wa Auta na ji ba.

Asabar, 22 ga Yuni

Yau ta fashe. Auta ya same ni ina goge katako, ya tsaya yana juya makullin ɗaki a yatsa. Ya ce yarinyar ta ci bakwai cikin goma a gwaji. Na ce madalla. Ya ce, "Yaya, da na yi magana ranar nan da mu biyu za a kora. Wa zai riƙe gidan?" Na ce ai na gode da aka bar mana mai ilimin.

Ya ce me ya sa na ɗauki abin yarinyar nan da zafi haka, 'yata ce?

Na ajiye samfefa. Na nuna masa shagon da ke tsallaken titi, na ce ya karanta min allonsa. Ya karanta har da ƙananan rubutun ƙasa. Na ce, "Ni ban ma san akwai rubutu a ƙasan ba. Shekara goma ina sayen sabulu a wurin."

Ya daɗe bai gane ba. Da ya gane sai ya zauna a kan katakon da na shafa wa gam.

"Tun yaushe?"

"Tun kana goye."

Na faɗa masa maganganu. Na tuna masa jawabin ɗaukar kaya. Na ce takalmin da ya fara zuwa makaranta da shi da zartona aka saya. Bai kamata in faɗi wannan ba, ban taɓa faɗa ba. Ya ce, a hankali, "Yaya, shekarata shida lokacin."

To, shi ne. Wa zan kama? Baba na ƙasa. Malamin da ya rubuta ba ya ganewa, ko fuskarsa ban sani ba, ban taɓa ganinta sosai ba.

Wandon Auta ya lalace da gam. Wannan kam ban ji tausayi ba.

Juma'a, 19 ga Yuli

Tela ya zo da kansa, wai teburin kekensa na rawa. Ba ya rawa, na duba. Ya ce 'yarsa ta wuce zuwa aji shida. Ta ashirin da huɗu cikin hamsin da uku. Ya faɗi lambar sau uku kamar ta ɗaya ta zo. Malaminsu ya rubuta masa takarda ya kai ta asibitin ido, ya kai ta, an ce a yi mata tabarau. "Kai ka faɗa min tun farko, na ɗauke ka mahaukaci."

Ya ce yanzu ta dame su da surutu a gida. Komai sai ta tambaya, har gyara masa lissafin yadi take yi a gaban masu kawo ɗinki. Yana ƙorafi yana washe baki.

Na yi murna. Na rubuta a nan don in tuna na yi murna, don abin da ya biyo bayan murnar ba shi da kyau. Ita an tare ta tana shekara sha uku. Ni fa.

Asabar, 27 ga Yuli

Da tabarau daga ko'ina Tsani tana gani, don haka in an dawo hutu za ta koma baya wurin dogaye. Benci ya koma sito. Sati shida ya yi aiki. A kan sati shida na bar aikin shekara bakwai.

An ɗauki wani kafinta. Mai gadi ya ce ƙusa uku yake bugawa inda ɗaya ta isa.

Laraba, 14 ga Agusta

Auta ya nace, Inna ta sa baki, na bi shi asibitin don su bar ni in huta. Aka zaunar da ni, aka ce in karanta haruffa a bango. Na karanta na saman, babban. Ma'aikaciyar ta ce, "Sai na ƙasa." Na ce wane?

Ta riƙa sauya gilasai a idona, wannan ko wannan, wannan ko wannan. Can sai bangon ya matso.

Ta ce, "Ikon Allah, a haka kake tsallaka titi?" Auta ya fita waje, wai zai amsa waya. Ban ji ta yi ƙara ba.

Laraba, 21 ga Agusta

Na karɓo tabarau.

Ashe bishiya ganye ɗaya-ɗaya ne har sama. Ashe ana ganin tsuntsu a kan waya, ba sai ya yi kuka ba. Na shigo gida, Inna na can ƙarshen tsakar gida tana shanya, na gan ta tun daga ƙofa. Ta tsufa. Yaushe ta tsufa haka? Ta ce, "Kai kuma lafiya ka tsaya kamar baƙo?"

Na cire na sa a aljihu. Ya yi yawa a rana ɗaya.

Ba na jin godiya, in faɗi gaskiya. Kamar an kawo min abincin da na yi ta jira, bayan yunwar ta riga ta cinye abin da za ta ci.

Lahadi, 8 ga Satumba

An ba Auta ajin manya, ranar Asabar da safe, a ɗakin aji biyar. Masu sayar da kaya, direbobi, wasu mata. Ya faɗa a wurin cin abinci, yana kallon Inna, ba ni ba. Na ce Allah ya ba da sa'a. Ni da gemu in koma gidan da aka karɓe min makulli, in zauna ƙanena na ce min a sake? Ba da ni ba.

Asabar, 14 ga Satumba

Na bi ta makarantar da safe. Matsata ta danne katako na manta a rumfa tun watan Yuni, ita na je nema.

Mai gadi ya ga tabarau ya dafe ƙirji: "A'a, Furofesa! Sai yanzu ka ga munina ke nan." Na ce na daɗe da jin labari.

Hanyar rumfa ta gaban aji biyar take. Na leƙa kawai. Manya sun cusa kansu a bencin yara, gwiwa a waje, wani direba ya zauna a karkace kamar an loda shi. A gaba, a tsakiya, ga goma sha tara, ba kowa a kai. Ban san wa ya fito da shi ba. Na sani, amma ban tambaya ba.

Aikina ne, dole in ga ko yana girgiɗi. Na shiga na zauna. Ƙafata ta miƙe ta ƙarƙashi daidai, kamar da ita aka auna. Da tabarau ko daga bayan aji zan gani. Amma shekara huɗu na yi a baya, ya isa.

Auta na kiran suna. Ya zo ƙarshe ya ɗaga kai, biro a hannu, ya ɗan tsaya. Ya ce, "Yaya?" Aji ya yi dariya, wata mata ta ce yau ƙane zai rama. Na ce, "Ga ni, Malam."

Ya rubuta lissafin kashi-kashi a allo. Rabi da kwata, abin da nake yi da tef kullum, ban san haka ake rubuta shi ba. Ya yi kuskure a layi na uku. Na bari ko wani zai gani, ba wanda ya gani. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba.

Awa biyu. Matsar ma ban ɗauko ba.

Ba wai na shiga ba ne. Ƙusa ɗaya ce ta ɗan saki a ƙafar hagu ta baya, kuma sabon kafintan nan ba zai lura ba. Ranar Asabar zan zo da guduma.